Sai Kin Ƙirga Goma

Sau uku Dogo yana durƙusawa gaban mahaifiyarsa a kan maganar Auta, sau uku tana ba shi amsa iri ɗaya: "Kada ka ƙara kawo mini wannan zancen."

Ba ta ce yarinyar ba ta da tarbiyya ba. Ba ta ce gidansu bai yi mata ba. Da ma laifi ta faɗa ko guda ɗaya ne, da an san inda za a kama a gyara. Ita dai ta ce a'a, ta ci gaba da harkokinta.

Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne, wannan matar da ta ƙi ta, da ita take wuni kullum a ɗaki ɗaya.

Auta koyon aikin malanta take yi. Kwalejinsu ba ta ba mutum takardar shaida sai ya yi shekara guda a cikin aji a hannun gogaggen malami, yana kallo, yana gwadawa, ana gyara masa. Ita aka tura ta aji biyu na wata firamare, hannun wadda kowa yake kira Malama Babba. A nan ta haɗu da Dogo, kafintan da ke zuwa gyaran benci. Sai da zuciya ta riga ta yi nisa sannan ta san ɗan Malama Babba ne.

Ranar Litinin da yamma Baba ya kira ta falo. Yayanta yana zaune a hannun kujera, yana kaɗa makullin motar da ba tasa ba.

"Zauna, Auta. Wata nawa ke nan yaron nan yana zuwa gidan nan?"

"Bakwai, Baba."

"Wata bakwai. Ya gyara mini ƙafar kujera, ya gyara ƙyauren kicin, ya buga wa uwarki kantar jera kwanuka. Ban ce ba shi da kirki ba. Amma ni ba kafinta nake nema ba, ina da guduma. A wata bakwai ko mutum ɗaya daga gidansu bai tako ya ce mini sannu ba."

Yaya ya yi caraf ya karɓe: "Ai uwar ce ta ce ba ta so, Baba, duk layin nan an sani. Ga abokina, mutum mai makaranta sukutum, bene hawa biyu, yana cewa gobe-gobe zai ba ta ofis, amma ita ta nace wa mai zarto."

"Kai, ban gama ba."

Baba ya juyo ga Auta.

"Ba zan yi miki dole ba, ban yi wa yayyenki ba. Abokin yayanki, in kin so shi to, in ba ki so ruwanki. Amma ba zan zuba ido 'yata ta zama abin nuni ba, a ce ga wadda take bin gidan da aka ƙi ta. Na ba su zuwa Alhamis da yamma. In babu wanda ya zo, kada in ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar gidan nan, ke ma kada in ji an ce kin tsaya da shi."

Hawaye suka zubo mata. "Baba, Alhamis ce fa ranar darasina na ƙarshe, ranar da za a yanke mini hukunci a makaranta."

"To kin ga rana ɗaya ta isa a yanke hukunci biyu."

Ta san wanda take magana da shi. Shekara talatin Baba ya yi yana tuƙa bas, kuma abin da yake alfahari da shi har gobe shi ne bai taɓa tsayawa jiran wanda ya makara ba.

Wallahi Auta ta so ta tsani Malama Babba. Ta gwada, abin ya gagara.

Yaya za ka tsani matar da za ta shigo ɗaki mai yara arba'in da huɗu suna ihu kamar kasuwa, ba bulala, ba tsawa, ta tsaya kawai a gefen allo ta fara magana ƙasa-ƙasa, sai ka ga kowa ya miƙa wuya don kada wata kalma ta wuce shi? 'Yar ƙaramar mace ce, tabarau a ƙarshen hanci, alli a yatsu kullum. Ba ta yi wa yaro magana daga sama, sai ta tsuguna idonta ya daidaita da nasa, duk da gwiwar da ke damunta. Daga yadda yaro ya riƙe fensir takan gane ko ya karya kafin ya fito daga gida.

In Auta ce ke koyarwa, Malama Babba sai ta koma can bayan aji ta zauna a kan 'yar kujerar yara, da littafinta da jan biro. Ba ta taɓa katse ta a gaban yara ba. Sai an kaɗa ƙararrawa an watse, sannan a yi shari'a.

A makon farko Auta ta yi tambaya, ta ga babu wanda ya ɗaga hannu, ta ba da amsar da kanta. Da aka tashi, Malama Babba ta dube ta ta saman tabarau.

"Tambayar nan, wa kika yi wa?"

"Yara, Malama."

"To me ya kai ki amsawa? Ke ai kin gama aji biyu tuntuni."

Kunya ta kama Auta kamar ta nutse a wurin.

"Ki saurare ni, 'yar koyo. In kin yi tambaya, ki rufe bakinki ki ƙirga goma a zuci, a hankali. Masu saurin baki suna amsawa a biyu. Masu tunani sai bakwai. Masu tsoro ba sa fitowa sai tara. In kika amsa a uku, kin kori rabin aji ba tare da kin buɗe ƙofa ba."

Faɗa da baki ba wuya. Amma ka tsaya gaban yara arba'in da huɗu suna kallonka ka yi shiru, za ka san goma tana da nisa. Wata tara Auta tana fama, wata tara jan biro yana bin ta: "Kin tsaya a huɗu." "Kin kai shida, amma kin ba da amsar da ido." "Yau kin kai takwas, kika tsorata." Ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin "madalla" a littafin nan ba.

Akwai kuma wata yarinya a bencin ƙarshe kusa da taga, wadda yara suka sa wa 'Yar Shiru. Tun da aka shiga shekarar ba a ji muryarta a aji ba, ko rajista ake kira hannu kawai take ɗagawa. Malama Babba kanta ta ƙirga mata goma ya fi a ƙirga, yarinyar ba ta tanka ba.

Ranar Talata da aka tashi, Auta ta tarar da motar Mai Makaranta, abokin Yaya, a bakin ƙofa. Ya fito yana ƙamshin turare har yara suna atishawa.

"Ranki ya daɗe, Malama! Dubi hannunki don Allah, duk alli. Me za ki yi da takardar shaida? Takarda ai ta masu neman aiki ce. Ke ofis zan ba ki, da kujera mai juyawa. Ba alli, ba majinar yara."

"Yara nawa ne a aji biyu na makarantarka?"

Ya yi dariya. "Wannan sai na tambayi sakatare. Ni maganarmu ta kawo ni. Me kika ce?"

Ta buɗe baki ke nan ya rigaye ta.

"Na sani, na sani, kunya kike ji. Ai shirun nan ma amsa ce. Sai Alhamis ke nan!"

Ya faɗa mota ya ja. Auta ta bi ƙurarsa da kallo. Duk baƙin cikin da take ciki sai da ta kusa yin dariya, don bawan Allah ko ɗaya bai ƙirga ba.

Ranar Laraba Dogo ya zo gyaran benci. Ta same shi a barandar aji bayan yara sun watse, ya kifa benci yana buga masa ƙafa, ƙusoshi biyu a baki. Yana ganinta ya ajiye guduma ya miƙe, sai da ya sunkuyar da kai saboda rufin barandar.

"Ka faɗa wa Malama?"

"Na faɗa mata, Auta. Na ce Baba ya sa wa'adi, gobe da yamma."

"Me ta ce?"

Ya kawar da kai. "Ta ce, 'Na ji.' Ta ci gaba da duba littattafan yara."

Auta ta zauna a kan bencin da bai gama gyarawa ba, ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Don Allah ki daina kuka, kina karya mini zuciya. Ki saurare ni. Zan je wurin Kawu yau ɗin nan. Ƙanin mahaifina ne, yana da iko a kaina. In na roƙe shi zai zo gidanku gobe ko Umma ba ta sani ba."

"In shiga gidanta ta taga ke nan?"

"To yaya kike so in yi? In tsaya ina kallo a raba mu?"

"Ka san abin da ya fi yi mini ciwo?" in ji ta. "Da wata ce can ta ƙi ni, sai in ce ba ta san ni ba. Amma ita ta san ni, Dogo. Wata tara tana zaune a bayana tana kallona. Yadda nake riƙe alli ita ta koya mini. Yadda nake tsugunawa gaban yaro, ita ce. Ban taɓa ganin mutumin da nake so in zama kamarsa ba sai ita. In matar nan ta duba ni sama da ƙasa ta ce ban isa ba, to ban isa ba ne."

"Kada ki ƙara faɗar haka. Wallahi kin isa, har kin yi yawa."

"Kai ai so ne ya rufe maka ido. Ita tabarau gare ta."

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Ya laluba jakar kayan aikinsa ya ciro wani guntun katako.

"Ga abin da kika ce in kawo miki na darasin gobe. Na goge shi sosai don kada ya soki yara."

Ta karɓa. Ya yi santsi kamar sabulu, ko'ina an kashe masa kaifi.

"In goben ta wuce ba wanda ya zo fa?"

"Ba zan taka maganar Babanki ba, ba a haka aka rene ni ba. Amma ki sani, ba zan nemi wata ba. Nan zan zauna ina gyaran benci har in tsufa."

"Har bencin ya fara gyara ka."

Suka yi dariya tare, hawaye yana zuba a fuskar kowannensu. Ta tashi ta tafi ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya za ta ce masa ya je wurin Kawun.

Ranar Alhamis ta shigo aji da baho a hannu, da jaka cike da tarkace. Idonta ya fara sauka a bayan aji kamar kullum.

Ba Malama Babba ce a kan 'yar kujerar ba. Wani mutum ne mai furfura da kwat, ya naɗe a kanta gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Hedimasta ya raɗa mata daga bakin ƙofa: "Sufeto ne daga kwalejinku. Malama Babba ta miƙa littafinta tun ƙarfe bakwai, ta ce ba ita za ta duba ki ba."

Wato ko kallon darasinta na ƙarshe ba za ta iya ba. Amma yara arba'in da huɗu sun riga sun miƙe suna gaishe ta, kuma ta koya a ɗakin nan cewa kukan malami a waje ake barinsa tare da takalmin ruwa. Ta haɗiye kukan, ta yi murmushi.

Ta cika baho da ruwa ta ɗora a kan tebur. Darasin yau, abin da ke nutsewa da abin da ke tsayawa a saman ruwa.

Ta ɗaga dutse. "Wa ya ce zai nutse?" Hannuwa suka tashi. Tsundum! Aji ya kaure da shewa. Ta saka makulli, ta saka murfin kwalba, ta saka cokali. Katakon Dogo ya hau ruwa yana yawo abinsa. Kowane abu sai yara sun faɗi ra'ayinsu, an rubuta a allo, sannan a gwada. Har wani ya yi rantsuwa cokalinsu na gida ba ya nutsewa.

Daga ƙarshe ta ciro lemo biyu. Ta jefa na farko, ya tsaya a sama. Ta ɓare na biyu a gabansu tas, ta jefa. Ya yi ƙasa ya kwanta.

Auta ta dubi yaran.

"Lemo ne duka biyun. Me ya sa wannan ya nutse?"

Masu saurin baki suka fara tsalle: "Ni, Malama! Ni!" Amma Auta ta hango wani abu a bencin ƙarshe. 'Yar Shiru ta miƙe rabi, ta dafa tebur, idonta ƙur a kan bahon.

Auta ta san mai hankali ba ya gwada sa'arsa ranar jarrabawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ta kira mai hannu a sama, ya ba da amsa, Sufeto ya rubuta, kowa ya huta. Ta san haka sarai. Duk da haka ƙafarta ta ɗauke ta har bencin ƙarshe, ta tsuguna.

"Ke me kika gani?"

Ta rufe bakinta. Ɗaya. Biyu. Uku.

"Malama, ba ta magana!" wani ya faɗa. Auta ta ɗaga masa hannu ba tare da ta juya ba.

Biyar. Shida. Ta ji kujerar Sufeto ta yi ƙara, ya duba agogo. Bakwai. Takwas. Gumi ya fara bin bayanta. Tara. Goma.

Shiru.

A nan dokar Malama Babba ta ƙare. A goma ake shafa kan yaro a ce "za mu dawo gare ki," a wuce. Auta ta yunƙura za ta tashi, sai ta ga leɓen yarinyar na ƙasa yana motsi, kaɗan, kamar mai gwada kalma a ciki kafin ta sake ta.

Ta koma ta tsuguna. Sha ɗaya. Sha biyu. Sha uku. Sha huɗu.

"Kin cire masa rigarsa."

Muryar siririya ce, a shaƙe, amma a cikin shirun nan har bencin gaba an ji.

"Sake faɗa, kowa ya ji."

"Kin cire masa rigarsa, Malama. Rigar ce take riƙe shi."

Ba wanda ya ce a yi tafi, yara da kansu suka ɓarke da shi. Auta ta ɗauko ɓawon ta ba yarinyar ta jefa a ruwa da hannunta, ya tsaya a sama. Sufeto ya sunkuya yana ta rubutu. Da Auta ta ɗago, ta ga gilmawar wani ɗankwali da ta sani yana barin jikin taga.

Ana kaɗa ƙararrawa ta bi sawu. Ta sami Malama Babba a sito, ta ba ƙofa baya, tana jera kwalayen alli da suke a jere tun jiya.

Wata tara Auta ba ta taɓa yi mata tambayar da ba ta aji ba. Yau kam ta gaji.

"Malama, me na yi miki?"

Ta rufe bakinta. Kuka yana tura ta ta ci gaba, ta ce ko rashin iyawata ne, ko gidanmu ne, ta kawo amsoshin da kanta. Ta danne. Huɗu. Biyar. Shida. Hannun Malama Babba ya daina motsi a kan kwali. Bakwai. Takwas.

"Ni kike ƙirga wa?"

Ta juyo. Tabarau yana hannunta, idanunta sun yi ja.

"Na ce miki goma. Wa ya ba ki sha huɗu?"

"Leɓenta na ga yana motsi, Malama."

"Shekara talatin da ɗaya ina aikin nan, ban taɓa wuce goma ba. Da na wuce, da yarinyar nan ta yi magana tun farkon shekara." Ta goge tabarau da gefen zani. "Madalla, Malama."

Ba "'yar koyo" ba. Auta ta dafa bango, kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata.

"To me ya sa ba kya so na? Me ya sa kika ƙi ni?"

"Zo nan, zauna. Dokar kwalejinku, malami ba ya horar da ɗan'uwansa ko surukarsa. Da na amsa wa ɗana tun ranar farko, dole a ɗauke ki daga ajina a tsakiyar shekara, a kai ki inda Allah ya yi. Ni kuwa 'yan koyo sha tara suka bi ta hannuna, ban taɓa samun wadda yara ke bi da ido kamar ke ba. Rowa na yi. Na ce sai na gama da ke."

"Da kin faɗa mini, ai da na yi shiru."

"Da na faɗa miki, ranar da na ja miki jan biro ki ce uwar miji ce, ranar da na yabe ki ki ce uwar miji ce. Ba abin da zai ƙara shiga kanki. Shi kuma wancan dogon, cikinsa ko ruwa ba ya riƙewa. Makon jiya na rubuta wa kwaleji gaskiyar magana, na ce su turo nasu idon, don kada gobe wani ya ce surukarki ce ta ɗaga ki. In za su ja mini kunne su ja. Tun ƙarfe bakwai na safiyar yau ni ba malamarki ba ce."

Auta ta share hawaye, sai kuma wani sabon tsoro ya taso mata.

"Malama, Baba ya ji ciwon abin nan ƙwarai. Ba lallai ya saurare ki ba."

"Na sani. Je ki gida."

Ƙarfe biyar na yamma motar Mai Makaranta ta riga ta tare ƙofar gida. Yaya ne ya kira shi tun da wuri, wai kada a ɓata lokaci. Auta tana bayan labulen falo, Mama tana riƙe da hannunta, lokacin da aka yi sallama.

Malama Babba ce, a ƙafa ta zo, da jakarta ta makaranta, alli bai gama fita daga yatsunta ba. Dogo ya tsaya can waje a bakin titi.

Baba ya amsa gaisuwarta a daƙile. Ta zauna, ta ɗora jakar a cinya, ta faɗi abin da ta faɗa wa Auta, ba ƙari ba ragi.

Fuskar Baba ba ta saki ba.

"Kin gama? To ni ban san dokar kwaleji ba. Abin da na sani, wata bakwai 'yata tana kuka a ɗaki tana cewa mura ce. Wata bakwai ana nuna ni a layi. Ke kina can kina gyara malama, ni ina nan ina kallon 'yata tana ramewa."

"Gaskiyarka ce," in ji Malama Babba. "Na yi tunanin aji, na manta yarinya tana da gida. Wannan laifina ne, ba na ɗana ba, shi ya sa na fara zuwa da ƙafata kafin mazan gidanmu su zo. Ka yafe mini. Roƙo na zo yi. Za ka ba ɗana 'yarka?"

Ta haɗa hannuwa a kan jaka, ta rufe bakinta.

A bayan labule Auta ta fara ƙirgawa ba tare da ta sani ba. Ɗaya. Biyu.

Mai Makaranta ya gyara zama. "Ai Baba ya riga ya…"

"Kai aka tambaya?" Baba ya faɗa ba tare da ya dube shi ba.

Yaya ya buɗe baki. Malama Babba ta kalle shi ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa mai surutu a bencin baya. Ya mayar da bakinsa, har da gyara zama.

Shida. Bakwai. Baba yana kallon ƙasa, yana murza ƙafar kujerar da Dogo ya gyara. Auta ji take kamar ta yaye labule ta faɗi gabansa ta roƙe shi. Ta ciji leɓe. Takwas. Tara. Goma.

Baba bai ce komai ba.

Ta tsakanin labule Auta ta ga hannun Malama Babba ya kama igiyar jaka, ta ga ta ɗan yunƙura. Goma ta cika, shekara talatin da ɗaya a nan take tashi.

Sai Malama Babba ta juya ta dubi labulen. Ta saki igiyar, ta koma ta jingina.

Sha ɗaya. Sha biyu. Sha uku. Sha huɗu. Sha biyar.

Baba ya yi dogon numfashi.

"Shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa jiran wanda ya makara ba." Ya ɗaga kai ya dubi taga. "Amma yamma na ce, kuma rana ba ta faɗi ba. Kin kama mota tana kan tashi. Auta!"

"Na'am, Baba."

"Fito. Na ce ba zan yi miki dole ba, ba kuma zan amsa miki tambayarki ba. Kin ji abin da ta zo da shi. Me kika ce?"

Ta fito ta durƙusa a tsakiyar falo, hawaye ya wanke mata fuska. Ta buɗe baki, sai Malama Babba ta ɗaga yatsa.

"A'a. Sai kin ƙirga goma."

"Malama, wata bakwai ina ƙirgawa. Ina son sa, Baba."

Mai Makaranta ya miƙe ya miƙa wa Yaya hannu, Yaya ya saka masa makullin motarsa a ciki. Baba ya kawar da kai yana gyaran murya, kamar wani abu ya faɗa masa a ido.

"Kai," ya ce wa Yaya, "in ka raka abokinka, ka ce wa dogon nan ya shigo. Ƙafar kujerar nan ta fara motsi kuma."